Yadda Ake Kula da Wincin Tirelar Jirgin Ruwa da Sauke Jirgi Cikin Aminci

Winci shi ne na'urar da ke gaban tirela, wadda ake juya mariƙinta don a jawo jirgi daga ruwa ya hau mazauninsa. An ƙera shi ne domin ja, saboda haka bai kamata a bar masa riƙon jirgi shi kaɗai ba, a kan hanya ko a kan gangaren da ake sauke jirgi cikin ruwa. Abin da ke hana kwarkwaronsa, wato inda bel ko waya ke naɗewa, juyawa baya wani ɗan harshen ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda sifirin ke danna shi cikin haƙoran giya.

Wannan harshe shi ne abin fara dubawa. Idan ana juya mariƙi, ya kamata a ji ƙas-ƙas ɗinsa daki-daki. Da zarar sautin ya yi rauni ko ya fara tsallake, to tsatsa ta kama shi, ko sifirin ya saki, ko bakin haƙoran ya cinye. Tsatsa tana gyaruwa da burushin ƙarfe da ɗan mai, a kuma shafa wa haƙora giris mai jure ruwa, amma haƙoran da suka cinye ba su da magani sai canji. A ganina wannan ba wurin tsimin kuɗi ba ne, domin idan harshen ya kuɓuce alhali nauyin jirgi yana kansa, mariƙin zai juya baya da gudun da ke iya karya hannu ko fasa fuska. Idan haka ta faru, kada a kai hannu don tare shi. A ja da baya a bar shi ya ƙare.

Sai bel ko wayar ƙarfe da winci ke jan jirgi da su. A warware bel gaba ɗaya lokaci-lokaci, a duba ɗinkin da ke kusa da ƙugiya, domin nan ne rana ke fi ci. Bel ɗin da ya koɗe, ya yi tauri, ko gefensa ya fara zarewa, ya gama aiki. Ita waya, a sa safar hannu kafin a taɓa ta, a nemi lanƙwasa ko silin da ya tsinke, kuma kada a warware ta har ƙarshe, a bar zagaye uku zuwa biyar a kan kwarkwaro. Wajen auna ƙarfin winci a haɗa nauyin jirgi da na inji da mai da kaya, tunda lita 100 ta fetur kaɗai ta kai kusan kilo 75. Winci mai lantarki, wanda galibi ke aiki da batir mai bolt 12, idan ya ƙi motsi a fara da kawunan batir da fis kafin a zargi injinsa.

Duk wani shiri a gama shi kafin a hau gangare: a ɗaura murfin ramin fitar da ruwa, a kwance bel na bayan jirgi, a cire fulogin fitilun tirela, a ɗaure doguwar igiya a goshin jirgi, a ba boris na taya lokaci su huce idan an sha tafiya, domin boris mai zafi da ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ciki. Ƙugiyar winci da sarƙar kariya, wadda ke riƙe goshin jirgi da tirela, kuwa su zauna a maƙale har sai bayan jirgi ya shiga ruwa. Wannan ya fi tsanani ga tirela mai ƙananan tayoyin gangarawa, wadda jirgi ke iya sulalowa daga kanta ya faɗi a kan siminti. Idan an tsaya, a ja birkin hannu, a sa waigi a bayan taya, a cire sarƙa, sannan a kama mariƙi gam, a ɗan matsa shi gaba don sauke nauyi daga harshen, kafin a ɗage shi a sassauta a hankali.

Wajen ɗauko jirgi, zurfin tirela ne ke sauƙaƙa aiki ko wahalar da shi. Idan ta nutse da yawa, jirgi zai yi ta yawo a kanta ya zauna a karkace. Idan ba ta shiga sosai ba, winci zai ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Galibi nutsar da kusan kashi biyu cikin uku na katakon mazauni yana wadatarwa. A maƙala ƙugiya a zoben goshin jirgi, a tabbata bel bai murɗe ba, a tsaya a gefe, kada kowa ya kasance a saitin bel ko wayar da ke jan jirgi, a kuma lura da santsin gansakuka a ƙarƙashin ƙafa. Idan juyawa ta yi nauyi farat ɗaya, a dakata a duba, domin yawanci jirgin ne ya kauce daga tsakiya. Da goshinsa ya jingina da matokarin da ke gaban tirela, a maƙala sarƙa tun kafin mota ta motsa, a fita daga gangaren, a ɗaure bayan jirgi, a buɗe ramin ruwa, a mayar da fulogin fitilu. Wanda ya fito daga ruwan gishiri ya ɗauraye winci da tirela da ruwan daɗi a ranar.