Shawara ga ƙannenmu masu harin kamfanonin akanta a Akra

Salamu alaikum ƙannena na Jami'ar Ghana da ke Legon da jami'ar UPSA. In kuna harin aiki a manyan kamfanonin akanta irin su KPMG, PwC, Deloitte ko EY, kada ku jira sai kun gama digiri. Tun kuna aji uku ku fara jarrabawar ƙwarewar akanta ta ICAG (hukumar akantoci ta Ghana) ko ACCA (ƙungiyar akantoci ta ƙasa da ƙasa). Ko takarda biyu kuka ci, tana ɗaga CV sosai. Ku kuma nemi yin bautar ƙasa a kamfanonin, wanda aka ga aikinsa ya fi sauƙin ɗauka. Gwajin farko na ɗaukar aiki yawanci lissafi ne da ƙayyadadden lokaci, don haka ku riƙa atisaye da agogon waya a gefe. Manhajar lissafi ta Excel kuwa ba wasa, ku iya shi sosai. Ranar intabiyu, mai tasowa daga unguwar Nima ko Madina ya yi sammako, cunkoso ba uzuri ba ne a wajensu.