Yadda Ake Zaɓen Adda da Yadda Ake Aiki da Ita a Gida da Gona

Da damina ta kankama, bayan gida da gefen katanga sai su cika da ciyawa, reshen darbejiya ya sauko kan kwano, sabara da geza su rufe hanyar gona. Duk wannan aikin adda ne. Sai dai mutane da yawa kan ɗauka cewa adda sai mai ƙarfi, shi ya sa suke sayen mai nauyi, su yi ta dukan itace da ita har kafaɗa ta riƙe. Kaifi ne ke yin aikin, hannu kuwa jagora kawai yake yi. Ga yadda abin yake tun daga kasuwa.

1. Fara da sanin aikin da za ta yi

Ciyawa, kara da ƙananan rassa suna son doguwar adda marar kauri, mai saurin lilo. Itace mai tauri kamar bagaruwa ko aduwa yana son wadda ta fi kauri, mai faɗin baki, domin nauyinta ya taru a gaba. Ƙaya da sarƙaƙiya kuwa barandami ya fi dacewa da su, saboda lanƙwasar bakinsa tana jawo reshe. Idan guda ɗaya za ka saya don aikin gida, ɗauki mai tsawon inci 18, wato kamar santimita 45 ban da ƙota. Duk abin da ya fi damtsenka kauri, bar wa gatari ko zarto.

2. A kasuwa: ta kamfani ko ta maƙera

Addar kamfani da aka fi sani a Afirka ta Yamma ita ce mai tambarin kada, ta kamfanin Ralph Martindale na Ingila. Akwai kuma Tramontina ta ƙasar Brazil. Irin waɗannan sirara ne, ba nauyi, sun dace da ciyawa da kara. Ta maƙera kuwa yawanci da tsohon ƙarfen sifirin na mota ake ƙera ta, ta fi kauri, ta fi jure itace, kuma kana iya gaya wa maƙeri tsawo da nauyin da kake so. Ni dai a aikin gida na fi son ta kamfani, a sassabe kuma ta maƙera, muddin maƙerin ya iya ba ƙarfe ruwa, wato tsoma shi a ruwa da zafinsa don ya yi tauri.

Kada tambari ya ruɗe ka, jabu sun yi yawa. Ka gwada da hannunka:

Ɗaga ta saitin ido, ka dubi bayanta daga ƙota zuwa baki. In ta karkace, ajiye.

Dafa bakinta a ƙasa ka ɗan danna ta gefe. Ƙarfen kirki zai lanƙwasa kaɗan ya koma yadda yake. Wanda ya tsaya a lanƙwashe, ƙarfen banza ne.

Ƙwanƙwasa ta da ƙusa. Ƙara mai tsawo alamar lafiya ce, ƙarar da ta mutu nan take tana iya nuna tsagewa ko ƙota mai girgiɗi.

Sannan ka tsaya sosai a kan ƙota, domin nan ne hatsari ke ɓuya. Ƙarfen ya ratsa cikinta har ƙarshe, an ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku, ba ta motsi ko kaɗan. Gindinta ya kasance da ɗan tudu da zai tare ɗan ƙaramin yatsa idan gumi ya jiƙa hannu. Ƙotar roba mai santsi tana da kyan gani a shago, amma da gumi ya zo sai ta suɓuce. Haka ma addar nan mai ƙyalli da ba ta tsatsa: yawancin masu arahar ba sa riƙe kaifi. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, amma yana cin washi da sauƙi. Araha ba ta ado.

3. Washi

Sabuwar addar kamfani sau da yawa ba ta zuwa da kaifi, kai ne za ka fitar mata da baki. Kafa ta a kan kututture ko benci, ka danne ta yadda ba za ta motsa ba. Ɗauki magagari mai ƙota, ka riƙa tura shi gefe guda, kada ka yi ta kai da komo. Ka kwantar da shi kaɗan, ba a tsaye ba, ba kuma kwance sosai ba, domin baki mai siranta da yawa yana ɓarewa da ya haɗu da gaɓar itace. Ci gaba har ka ji ɗan tsini-tsini ya fito a ɗaya gefen, sai ka juya ka yi haka nan. A ƙarshe goga a dutsen washi da ruwa.

Faɗin tafin hannu daga ƙota, kada ka wasa shi. Ba da wurin ake sara ba, kuma in hannu ya zame, nan zai sauka.

Idan wurin mai injin gurza ka kai, ka tsaya a kansa. Ya riƙa tsoma ta cikin ruwa akai-akai. Da ka ga bakin ya koma shuɗi, zafi ya kashe ƙarfen wurin, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi.

4. Kafin sara na farko

Sa takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando, silifas ba na wannan aiki ba ne. Kori yara da dabbobi, kada kowa ya matso kusa da taku biyar. Dubi sama da bayanka: igiyar shanya, wayar lantarki ko reshe na iya kama adda su karkatar da ita kanka.

Sari sanda mai ƙugiya a baki, tsawon kamu biyu, ka riƙe a ɗaya hannun. Da ita za ka riƙa kwantar da ciyawa, kana jawo ƙaya, kana bubbuga duhuwa kafin ka shiga. Kububuwa da kasa ba sa gudu da wuri, lafewa suke yi. Hannun da ba ya riƙe da adda bai da abin yi kusa da inda ake sara.

5. Saran kansa

Kada ka damƙe ƙota kamar za a ƙwace maka. Babban yatsa da manuni su riƙe, sauran su yi sako-sako, sai dab da adda za ta sauka su matse. Lilon ya taso daga kafaɗa, gwiwar hannu ta bi, wuyan hannu ya ƙarasa da fizga. Inda ya fi ci shi ne faffaɗan wurin nan kusa da ƙarshen addar.

Kada ka sari itace kai tsaye a miƙe, adda za ta maƙale ko ta yi tsalle ta dawo. Sara a karkace, rabi tsakanin tsaye da kwance. Reshe mai ɗan kauri, sara ta wannan gefe, sara ta wancan, ɓawon ya riƙa fita har ka raba shi. Ciyawa kuwa, rusuna ka kai adda kusa da ƙasa, amma kada ta ci ƙasa, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓare bakin da ka sha wahalar wasawa.

Kullum ka tambayi kanka: in na kuskure, ina za ta sauka? Idan amsar ita ce ƙwaurinka, gyara tsayuwa. Mai amfani da dama ya ja ƙafar hagu baya, saran ya wuce ta gefen jiki.

Idan gyaran bishiya kake yi, ba kashe ta ba, sara daga ƙasa zuwa sama, don kada reshe ya yage ɓawon uwar. Haka manoman yankin Maraɗi ke yi a abin da suke kira sassaben zamani, wanda ya bazu tun shekarun 1980: maimakon ƙone kututture, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Dama sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Tumfafiya kuwa a yi hattara da ita, farin ruwanta yana yi wa ido illa sosai.

Da ka ji adda ta fara dukan ciyawa maimakon yanka, tsaya ka goga mata magagari. Da ka ji hannu ya fara saki, huta. A kan gajiya ne aka fi yankewa.

6. In an yanke

Danne wurin da tsumma mai tsabta, ɗaga shi sama, a nufi asibiti idan ciwon ya yi zurfi ko jini ya ƙi tsayawa. Ban da zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

7. Ajiya

Goge ruwan itace da laka, busar da ita, shafa mata ɗan mai. In tana taɓa rake, kwakwa ko nama, man gyaɗa za ka sa, ba na inji ba. Ƙota in tana tayar maka da bororo, kankare kaushinta ka naɗe da robar cikin tayar keke. Rataye adda a sama inda yaro ba zai kai ba, cikin kube in akwai. Idan za ka bi titi da ita, naɗe ta cikin buhu ka ɗaure a bayan keke ko babur, domin a garuruwa da yawa yanzu tsirarar adda a hannu tana iya jawo maka tambayoyin jami'an tsaro.