Yadda za ka gane ƙwaron da ke haifar tsutsar masara

Manomi yakan ga tsutsar, amma ba kasafai yake ganin uwarta ba, domin da dare take yawo. Wani irin malam-buɗe-littafi ne na dare, masana suna kiransa Spodoptera frugiperda. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma a farkon 2016 aka fara ganinsa a Afirka, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Masara ya fi so, ko da yake bai bar dawa da gero da shinkafa da ciyawa ba.

Ka fara da uwar. Bayan magariba ka rataya farin zane a bakin gona, ka haska shi da fitila. Wanda kake nema, idan ya buɗe fikafikai, faɗinsa bai wuce santimita 4 ba. Fikafikan sama ruwan toka ne da ƙasa-ƙasa, namijin yana da farin tabo a ƙarshensu, na ƙasa kuwa farare ne masu duhun gefe. Sai dai danginsa suna kama da shi sosai, don haka kada ka yanke hukunci tukuna.

Da sassafe ka bi ganyayen masara kana juya su. Macen tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda, ta lulluɓe su da wani abu kamar auduga mai ruwan toka. Cikin zafi, kwana 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsin suna kankare ganye su bar shi shara-shara. Manyan kuwa cikin tsakiyar shukar suke ɓuya, kashinsu kamar garin katako.

A nan shaidar take. Ka zaro babbar tsutsa ka dubi kanta: akwai alamar Y a kife. Kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi kusurwa huɗu. Galibi tsutsa ɗaya ko biyu za ka samu a shuka guda, don manyan suna cinye junansu.

Bayan kamar mako biyu tana ci, sai ta sauka ta shige ƙasa, zurfin santimita 2 zuwa 8, ta dunƙule cikin ɓawo ja-ja. Ka tona gindin shukar a hankali, za ka same ta. Kwana 8 ko 9 sabon ƙwaro ya fito. Zagayen duka wajen wata guda ne, shi ya sa damina ɗaya take ganin zuriya bayan zuriya. Ka riƙa zagaya gonar duk mako tun masara tana ƙarama, ƙwan da ka gani ka murƙushe shi nan take.