Yaushe ake cek-res a katin ƙarshe a ƙananan teburan foka na intanet

A Texas Hold'em, wani nau'in foka (wasan kati na caca), idan aka buɗe kati na biyar a tsakiya, magana ta ƙare, babu sauran katin da zai ceci kowa. Cek-res shi ne ka wuce ba ka zuba komai ba, abokin karawarka ya zuba, sannan ka ɗora masa ƙari. Sai wanda yake fara magana ne ke da wannan damar. A teburan da kuɗin tilas na fara wasa yake santi 5 da santi 10, da na ƙasa da su, amfaninsa kusan ɗaya ne: tatsar kuɗi da hannu mai ƙarfi daga mutumin da ka tabbata zai zuba.

Fara da duba mutumin kafin ka duba katinka. Yawancin 'yan ƙananan tebura sun fi son biya, wato saka daidai abin da wani ya zuba, da su zuba da kansu. Ka wuce, shi ma ya wuce, a buɗe kati, ka tashi da abin da ke tsakiya kawai. Irin wannan ba a yi masa tarko, zuba masa kai tsaye. Wanda ake ɗana wa tarko shi ne wanda ya zuba a zagayen kati uku, ya sake zubawa a na huɗu, kuma ka sha ganin yana kai hari har ƙarshe.

Ga lissafin. A ce dala 2 ce a tsakiya. Idan ka zuba 1.50 da kanka, ya biya sau shida cikin goma, ribarka santi 90 ce a matsakaici. Idan ka wuce ya zuba 1.50, ka ɗaga zuwa 5, rabin lokaci ya biya, rabi ya ajiye, kana samun 3.25 duk sanda ya zuba. To amma sau nawa zai zuba? Sau huɗu cikin goma zai ba ka 1.30, ka ci riba. Sau biyu kuwa santi 65 ne, ka yi asara idan aka gwada da santi 90 ɗin. Iyakar tana wajen kashi 28 cikin ɗari.

Sai katin da ya faɗo. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya ƙara wa abokin karawarka ƙarfi alhali kana gabansa. Kana riƙe da 7-7, tebur ya nuna K-7-2-9, sai wani K ya sauka, ka haɗa 7 uku da K biyu, hannun da ya fi K uku. Mai A-K yanzu yana da K uku, yana ganin ya gama da kai, zai zuba kuma da wuya ya ajiye. Nan ne wurin. Amma idan katin ƙarshe ya zama zuciya ta uku a tebur, kai kuma ka haɗa fulash, wato kati biyar masu alama ɗaya, kowa ya ga haɗarin. Mai K biyu zai noƙe ya wuce. A nan zuba da kanka.

Girman ƙarin ya kai ninki uku zuwa huɗu na abin da ya zuba. Ƙaramin ƙari ɓarnar dama ce, domin wanda ya ƙudurta biya ba ya tsayawa ƙidaya. Kada kuma ka ɗaga da hannu matsakaici: waɗanda ka fi za su ajiye, waɗanda suka fi ka ne za su biya. Wannan hannun biya kawai ake yi da shi.

Burga fa? Dala 5 kake sakawa don ka ci 3.50, wato sai ya ajiye kusan sau 59 cikin ɗari kafin ka fita ba asara. 'Yan waɗannan teburan ba sa ajiyewa haka. In ma za ka gwada, ya zama kan ɗan wasa mai natsuwa, kana riƙe da A na zuciya a tebur mai zuciya uku, don ka san babban fulash ba ya hannunsa.

Idan ka ɗaga shi kuma ya tura duk kuɗinsa, tsaya ka lissafa hannayen da suka fi naka. A wannan matakin ba safai ake yin haka da burga ba. Da ƙaramin fulash a tebur da kati biyu suka zo da lamba ɗaya, ajiye.