Kurakuran da aka fi yi wajen saita ƙarar sauti a haɗa waƙa

Da yawa daga cikin waƙoƙin da sautinsu ke fashewa a lasifikar waya, tun ranar ɗaukar murya aka ɓata su. Mai sutudiyo zai murɗa gen, wato ƙarfin sautin da ke shiga, har mita ta riƙa taɓa ja, wai don muryar ta cika. Alhali sautin dijital yana da rufi, 0 dBFS (dBFS shi ne ma'aunin ƙarfin sautin dijital), kuma duk abin da ya haura shi guntulewa yake yi. Muryar da ta tsage wajen shiga ta tsage ke nan. Ko ka rage ta daga baya, tsagewar na nan daram. Ka ɗauka a 24-bit (zurfin ma'aunin da ake adana sauti da shi), ka sa mawaƙi ya fara rera inda ya fi ɗaga murya, galibi amshi, ka saita ƙololuwar ta tsaya wajen -12 zuwa -10 dBFS. Tsoron cewa ɗaukar murya ƙasa-ƙasa zai kawo ƙarar "shuu" gadon zamanin kaset ne. 24-bit na da faɗin kusan dB 144, fili ya ishe ka.

Sai ɗura wa fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, sautin da ya fi ƙarfinsu. Ganguna da kiɗan fiyano da ake saukewa daga intanet sukan zo dab da rufin 0 dBFS. Fulogin da aka ƙera su kwaikwayi tsofaffin na'urorin analog kuwa, da yawansu an auna su ne a kan -18 dBFS. Jan feda (maɓallin ɗaga ko rage ƙarar kowane layi) ƙasa ba zai hana su shaƙewa ba, domin a manhajojin haɗa waƙa irin su FL Studio da Cubase sauti yakan ratsa fulogin kafin ya iso feda. A farkon layin za ka rage gen. Idan ka ga fedojinka duk sun taru a can ƙasa, taɓawa kaɗan ta ɓatar da kalangu, wannan ce cutar.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda kunne ke jawowa. Duk abin da ya fi ƙara, kunne cewa yake ya fi daɗi. Ka ɗora kwamfuresa, mai rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da marar ƙarfi, a murya, ya ƙara mata dB 3 ba ka lura ba, sai ka ce ta yi kyau. Ka ƙara EQ, mai daidaita kauri da kaifin sauti, wasu dB 2 su hau. Kafin ka farga murya ta danne kiɗa, ka ɗaga kiɗa, bes (sauti mai kauri) ya ɓace, ka ɗaga bes, masta, inda duk sautukan ke haɗuwa, ta yi ja. Maganin na buƙatar haƙuri: bayan kowane fulogin, ka daidaita abin da ke fita da abin da ya shiga, ka kashe ka kunna idonka a rufe. In ba ka ji bambanci ba, cire shi.

In waƙa ta yi maka ƙasa kana cikin aiki, lasifika za ka ƙara wa sauti, ka bar masta da sararin kamar dB 6.

Game da limita kuma, mai hana sauti haura rufin da ka sa masa, matse waƙa don ta fi ta wani ƙara ya rage amfani, tunda Spotify da YouTube suna saukar da masu ƙara sosai zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), ga dukan ganga ya riga ya mutu. Ka sa rufin limita a -1, saboda mayar da waƙa MP3 yakan ɗaga ƙololuwa, sannan ka saurare ta a ƙaramar waya kafin ka miƙa wa mai ita.