Rim da taya: kurakuran da masu tsohuwar Golf GTI suke ta maimaitawa

A wata ɗaya kawai samari uku suka same ni a rumfar mai facin garinmu da kuka iri ɗaya: mota ta daina ja, sitiyari na rawa, taya ta yi ƙulu. Dukkansu tsohuwar Golf gare su, dukkansu kuma sun sauya rim. Na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tawa Golf 2 GTI ce, irin wadda Volkswagen ta fara fitarwa a 1984, injin lita 1.8 mai ƙarfin doki 112, nauyinta wajen tan ɗaya. Daɗinta duk a rashin nauyin nan yake. Da taya 185/60 R14 ta zo hannuna. Wanda bai iya karanta lambar nan ba kada ya je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano shi kaɗai: 185 faɗin tayar ne a milimita, 60 na nufin tsayin gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 111, 14 kuma girman rim ne a inci. In ka haɗa rim da roba sama da ƙasa, tsayin ƙafar duka ya kama milimita 578. Giya da malejin gudu da tsayin mota duk a kan wannan adadi aka auna su.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi shi ne babban rim da siririyar taya. Shekarar da na sayar da riɗi da daraja na ɗora mata rim 17 da taya 205/40. Mai facinmu, dattijo ne, ya zagaya motar ya ce, "Ɗana, wannan takalmin na titin Abuja ne, ba na burji ba." Na ce, "Baba, ai ta yi kyau." Ya yi shiru ya ɗaure noti. Gefen tayar ya dawo milimita 82 daga 111, kuma robar nan da iskar cikinta su ne suke fara shanye duka kafin ya kai ga shokozoba. Ranar wata Alhamis na yi sammako zan tafi kasuwar Maigatari, kafin in hau kwalta na faɗa wani rami da ruwan damina ya ɓoye. Ƙarar kamar an buga taɓarya a turmin da babu hatsi. Rim ɗin gaba na dama ya lanƙwashe, bakinsa ya datse gefen tayar, iska ta fice nan take. Da tayar asali ce da ramin nan ban ma tuna shi ba. Bayan wata biyu boris na wannan ƙafar ya fara kuka, shokozoba ta fara yoyo.

Kuma tun kafin ramin motar ta riga ta canza hali. Babban rim ya fi nauyi, nauyin kuma yana can nesa da tsakiya, sai inji ya ƙara wahala wajen juya shi, birki ya ƙara wahala wajen tsayar da shi. A kan gargada ƙafar takan yi ta tsalle maimakon ta lafe a ƙasa, sai ka ji bayan motar yana zamewa a kwana. Siririyar taya tana sa sitiyari ya amsa da sauri a lafiyayyen titi, wannan gaskiya ne. To kilomita nawa na lafiyayyen titi ke tsakanin ƙofar gidanka da kasuwa?

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu yin sa gani suke dabara suka yi. Wai a ɗaga mota saboda yashi, sai a nemo taya 205/55 R16 ta gwanjo, tunda ita ce birjik a kasuwa. Kai ƙanena, ka yi lissafi mana! Tsayinta milimita 632 ne, ta ɗara ta asali da sama da kashi 9 cikin ɗari. Abin da ka ɗaga motar bai kai santimita uku ba, amma ka tsawaita kowace giya. Motar da take tashi kamar an tsikare ta sai ta koma tana nishi a giya ta uku, kana ta taka totur kana zargin makaniki. Allura na nuna 100 alhali kana kan 109. In ka ɗauki mutum huɗu da buhun gero, tayar baya ta dinga gogar jikin mota har ta ci roba. Na ga yaron da ya sa aka bubbuge bakin madgad da guduma don tayar ta samu wuri. Motar da ta kai shekara talatin lafiya ya ɓata ta a yini ɗaya.

Ni abin da nake yi yanzu: rim 14 da 185/60, shi ke nan. Wanda ya matsu sai ya ƙara girma, ya tsaya a rim 15 da 195/50, tsayinta 576, kusan daidai da ta asali. Wasu za su ce 16 ma tana yi. A hanyarmu ban yarda ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. Ramukan noti na Golf 2 huɗu ne a da'irar milimita 100. Rim ɗin da bai hau ba kada a goge raminsa da zarto, a mayar wa mai shi. Kada ƙafa biyu na gaba su sha bamban a girma. Lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya mako da shekarar da aka yi tayar ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar roba ba ta jure kwaltar watan Afrilu ko da zanenta bai goge ba. Iska kuwa da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi, da geji, ba da dukan ƙafa ba.

Rim 17 ɗin nan guda uku suna nan jingine a zaure. Cikin samarin nan ɗaya ya taya su makon jiya, na ce masa ba na sayarwa ba ne.