Yadda ake zaɓar amfilifaya ta jita don atisaye a gida

Masu koyon jita sun sha tambayata wace amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita) ce ba za ta dami maƙwabta ba. Ga matakan:

1. Ka nemi ƙarama, wadda ƙarfinta bai wuce wat 20 ba.
2. Ka tabbatar tana da kafar sanya hedifon, domin da shi za ka yi atisaye cikin dare.
3. Ka je shago da jitarka.
4. Ka rage sautin sosai, ka saurara da kyau. Hattara, a nan ake yawan kuskure, domin amfilifaya mai kwalba (wato mai aiki da ƙananan kwalaben gilashi a cikinta, da ake kira tube) ba ta cika fitar da daɗinta ba sai an ɗaga sautinta.
5. Idan wuta na yawan ɗaukewa, ka zaɓi mai batir, kamar Boss Katana-Mini mai wat 7.